MacBook Air M1 ko ThinkPad T480, wacce ɗan Zango mai son haɗa kiɗa zai saya?

Ƙannenmu da yawa daga Nima, Mamobi har Madina a Akra, wasu ma daga Aboabo can Kumasi, tambaya ɗaya suke ta maimaita min: yaya na ɗan tara kuɗi ina son laftof da zan riƙa haɗa bit, wato kiɗan waƙa, ina ɗaukar murya, MacBook zan saya ko irin hom-yus ɗin nan na ofis, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje? Toh gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta. Guda biyu zan ɗauka saboda su ne suka fi yawo a hannun mutane kuma mai tari a hankali zai iya kai musu, MacBook Air M1 ta 2020 da Lenovo ThinkPad T480 ta 2018. Abin da zan faɗa kan T480 kusan duk ya hau kan HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490, sa'annin juna ne, firosesa iri ɗaya ce a cikinsu, ni dai ThinkPad ɗin ce ta fi kwanta min a rai kuma zaka ji dalili.

Bari in fara da abin da babu gardama a kansa, M1 ta fi T480 ƙarfi nesa ba kusa ba, duk wanda ya ce maka daidai suke bai taɓa loda musu aiki mai nauyi ba. Amma kai ba ƙarfi kaɗai ka zo saya ba, abin da zaka zauna da shi shekara uku ko huɗu kake nema, a ɗakin da kake ciki, da irin wutar da muke samu, da kuma abin da zai rage maka a aljihu bayan ka fito daga shago. Farashi dai da dala yake tafiya, yau daban gobe daban, amma in ka zaga shagunan Circle a Akra ka tambayi biyun zaka ga kuɗin M1 mai kyau ya kusa ninka na T480, kuma wannan tazarar ita ce kuɗin sawunkad (ɗan akwatin da yake haɗa maik da laftof) da maik da hedifon, waɗanda su ne kunnen mai sauraro yake ji a waƙarka.

Abu biyu ne suke sa ina son M1 har cikin raina. Na farko batir. Apple sun ce tana kai awa 18 in bidiyo kake kallo, awa 15 in intanet kake hawa, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a buɗe ba zata kai haka ba amma zata raka ka nisa sosai, kuma ƙarfinta baya sauka don ka zare caja, alhali laftof ɗin Windows da yawa da ka zare caja sai su ja baya. Wanda ya ga dumso na 2015, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a Gana, ya san abin da nake nufi, har yanzu ma ai ana ɗauke wuta mutum na tsakiyar aiki. Cajarta wat 30 ce ta USB-C, pawa bank mai ƙarfi ma yana cika ta. Na biyu kuma wanda mutane basu cika lura da shi ba, bata da fanka ko ɗaya a cikinta, tsit take. Mu yawancinmu bamu da ɗakin murya daban, ɗaki ɗaya ne a gidan haya, maik na nan laftof na gefensa, in fanka ta tashi tana huci maik ɗin kondensa zai kwashe ƙarar tsaf ya zuba maka cikin waƙa, sai ka zo miksin kana ta fama da cire ta muryar tana ƙara lalacewa. Da M1 ka huta da wannan. Ga kuma sauƙin sauti a Mac, yawancin sawunkad ka jona kawai ya fara aiki ba sai ka je neman direba, wato manhajar da take sa shi aiki, ba, sifikunta da sikirin ɗinta kuwa T480 ko ƙurarsu bata gani.

Toh ina matsalar take? Mafi yawan waɗanda ake shigowa da su masu ram 8GB ne da ma'ajiya 256GB, kuma duka biyun a manne suke da bod, wato babban allon cikinta, ba a ƙarawa ba a canzawa, yadda ka saye ta haka zaka rabu da ita. 8GB ɗin ma da sauƙi don Mac ta iya tattalinsa, amma 256GB ga mai kiɗa ya yi kaɗan ƙwarai, manhajar sautuka ta Omnisphere kaɗai ta kai 64GB, ka ƙara laburaren Kontakt biyu ko uku da samful ɗinka shikenan ta cika. Dole ka sayi SSD na waje, kuma ramin USB-C biyu ne kacal a jikinta sai na hedifon, ɗaya caja ɗaya sawunkad, toh ina kibod ɗin midi zai shiga, ina SSD, ina filas? Sai ka sayi hob mai ƙara ramukan USB, in ka sayi mai arha kuma ya riƙa yanke maka sawunkad ana cikin ɗauka. Kaga kuɗi sun fara hawa kan kuɗi kenan. Rashin fankar ma yana da nasa, a zafin Akra na watan Maris in ka daɗe kana matsa mata sai ta rage gudu da kanta don ta huce, a aikin kiɗa bai cika damuwa ba amma in kana haɗawa da editin bidiyo mai tsawo zaka gani.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kanta shi ne ranar da ta samu matsala. Koko ya zube a kibod, ko an matse jakarka a tirotiro, wato motar haya, sikirin ya tsage, yawanci saman gaba ɗaya ake canzawa kuma kuɗin zai iya sayo maka wata laftof hom-yus. In bod ne ya mutu toh ayyukanka suna manne a kansa, babu zancen a ciro SSD a sa a wata. Akwai ƙwararrun masu gyaran Mac a Circle da Adum na Kumasi, Allah ya yi musu albarka, amma ba kowane shago ba ne kuma aikinsu ba arha. Sannan akwai tarkuna uku ga mai sayen ta hannu. Akwai kullen iCloud, in mai ita na farko bai cire asusunsa ba ranar da ka goge ta zata tsaya tana neman faswod ɗinsa. Akwai waɗanda mallakar kamfani ko makaranta ne a Turai ko Amurka, an yi musu rajista ana juya su daga nesa, ka yi saitin sabo ka jona intanet sai saƙon kamfanin ya fito. Na ukun shi ne MacBook Air ta farkon 2020 mai Intel, a ido kamarsu ɗaya sak amma cikinsu ba ɗaya ba, mai Intel ɗin tana da fanka tana zafi kuma bata da ƙarfin M1, juya bayanta ka duba lamba, A2337 ita ce M1, A2179 ita ce mai Intel. Tsofaffin Mac masu Intel gaba ɗaya ni bana ba wa kowa shawarar su yanzu, Apple sun riga sun sanar cewa macOS Tahoe ne na ƙarshe da zai hau kansu, waɗanda suka fito tsakanin 2016 da 2019 kuma da yawansu suna da kibod ɗin nan da ƙura kaɗan take kashe masa maɓalli, ka tuna muna da hunturu.

Yanzu T480. Baƙa ce, ba kyan gani, ba wanda zai juyo ya kalle ka a majalisa don ka buɗe ta. Amma ita irin Sprinter ɗin tirotiro ce, duk abin da ya lalace akwai shi a kasuwa kuma kowane bakanike ya san cikinta. Ramin ram biyu gare ta kuma tana ɗaukar har 32GB, ka fara da 8 yau, bayan wata biyu ka samu kuɗi ka ƙara 8 ta zama 16. SSD ɗin ana cirewa a sa 512GB ko 1TB, kibod ana canzawa, sikirin ana canzawa, fanka ana buɗewa a busa ƙura a sa sabon man firosesa. Ramuka kuwa ba a magana, USB na da guda biyu, USB-C biyu, HDMI, na wayar intanet, na katin SD, ka jona sawunkad da kibod da maus ba tare da hob ba. Abin da ya sa na fifita ta kan HP da Dell ɗin shi ne batir biyu, ɗaya a ciki mai 24Wh ɗaya a baya wanda ake zarewa, kuma na bayan akwai babba mai 72Wh, zaka iya zare wanda ya ƙare ka sa wani kwamfutar tana kunne bata mutu ba. Ita ce ta ƙarshe a jerin T da Lenovo suka yi wa wannan tsarin, T490 da ta biyo ta babu.

Sai dai ita ma sai ka buɗe ido. Sunan T480 kaɗai bai isa ba, wasu sun fito da firosesa jen na 7, wato zubi na bakwai na Intel, mai ƙwaya (core) biyu, kai kuma mai ƙwaya huɗu kake so, wato i5-8250U ko i5-8350U ko i7 na jen na 8, lambar ta fara da 8. Kar mai shago ya ruɗe ka da i7 kawai, i7 na jen na 6 ko na 7 a irin waɗannan laftof ɗin ƙwaya biyu ne, i5 na jen na 8 ya fi shi. Wannan maganar ta ƙara nauyi tunda Microsoft suka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga jen na 8 yake farawa. Sikirin ma kala biyu ne suka fi yawa, akwai 1366x768 mai dishi-dishi wanda in ka buɗe miksa da fiyano rol wuri baya isa, akwai 1920x1080, wannan zaka nema. Ka shiga BIOS a gaban mai shago ka tabbatar ba faswod. Kuma ta USB-C kaɗai take caji, Lenovo da kansu sun fitar da gyaran famwaya na Thunderbolt saboda matsalar da take kashe ramin a wasu, don haka ka gwada caja a duka ramukan biyu, in ka kai gida kuma ka yi ofdet ɗin. Batiran da suke zuwa da ita shekarunsu sun ja, sa a ranka cewa zaka canza aƙalla ɗaya. Sifikunta marasa daɗi ne, fankarta tana tashi in aiki ya yi yawa.

Maganar sauti a Windows tana son ɗan haƙuri. Sai ka sa direban ASIO na sawunkad ɗinka, shi ya sa nake son Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC202HD don suna da nasu direban, ƙananan irin UM2 da UMC22 kuma da ASIO4ALL ake lallaɓa su. Lokacin ɗaukar murya ka sa bafa, wato saitin buffer na sawunkad, a 128 ko 256 don kar mawaƙi ya riƙa jin muryarsa a makare, lokacin miksin ka ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 firosesa ta samu numfashi. Akwai kuma wani zuuu da yake shiga rikodin in caja tana jone, musamman a gidajenmu da wayarin ɗin ba shi da at, wato wayar da ake binnewa a ƙasa, mai kyau ko kuma cajar jabu ce, maganinsa na nan take ka zare caja ka yi ɗauka da batir, kaga amfanin babban batir ɗin nan kenan. Ƙarar fanka kuma in tana damunka ka matsar da laftof nesa da maik, ko ka sayi maik dainamik irin Shure SM58 maimakon kondensa, dama a unguwanninmu da ƙarar babur da yara da injin niƙa dainamik ɗin ya fi rufa asiri.

Toh manhaja fa? A nan ne da yawa ya kamata su fara tunani kafin ma su je kasuwa. In bit kake son haɗawa, afrobit ko asaka, wato kiɗan diril irin na yaran Kumasi, ko kiɗan waƙoƙin Hausa, FL Studio ce a hannun yawancin waɗanda zaka koya a wurinsu. Kamfanin Image-Line na Beljiyam ne suke yinta, tun fitowar FL Studio 20 a 2018 tana aiki a Mac da Windows duka, lasisi ɗaya ya ishe ka a biyun, kuma in ka saya sau ɗaya duk sabon da ya fito kyauta ne har abada, wannan tsarin wallahi ina jinjina musu a kai. Producer Edition zaka nema mai ƙasa kaɗan da dala 200, Fruity mai arhar bata ɗaukar murya. Ta gwajin kyauta ce kuma zaka iya fitar da waƙa da ita, kawai in ka adana aiki ka rufe ba zai sake buɗuwa ba sai ka biya. Kenan FL ba zata raba maka gardama ba. Abin da zai raba shi ne filogin, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ƙarawa a ciki, na abokan aikinka, in su duk Windows suke kuna musayar fayil, wani tsohon filogin da suke amfani da shi ba lallai ya hau M1 ba.

Logic Pro kuwa ba ta Windows, dala 199.99 ce a Mac kuma kayan kiɗan da ke cikinta sun isa mutum ya gama albam bai sayi komai ba, ƙanwarta GarageBand kyauta take ga duk mai Mac, wannan babban maki ne ga M1 in kai mawaƙi ne mai son ɗaukar kanka. Cubase ta Steinberg ita ce tsofaffin sitidiyo da yawa suka saba da ita wajen murya. Amma wadda nake roƙon ƙannena su gwada ita ce Reaper, fayil ɗinta ɗan ƙarami ne ba zai cinye maka data ba, bata da nauyi ko kaɗan a T480, kwana 60 na gwaji ba a rage mata komai ba, lasisinta dala 60. Malamai da ɗalibai masu naɗar tafsirin azumi ko wa'azi ko ƙasidun maulidi, da masu fodkas, ku dan Allah kar wani ya sa ku kashe kuɗin M1, Audacity kyauta ce kuma yanka da rage hayaniya da daidaita murya duk tana yi, T480 mai 8GB ma ta yi muku yawa, ku zuba kuɗin a maik.

Na san abin da wasu suke faɗa a ransu, ai Windows ɗin saboda kirak, wato manhajojin sata, ake sayenta. Gaskiya ne haka ake yi, shago ma zai ce maka ya cika maka ita da komai. Ni dai bana goyon baya, haƙƙin mutane ne, kai ma gobe in waƙarka ta fita zaka so a biya ka. Ban da haka cikin waɗannan fayilolin ne ake cusa bairos masu kwashe faswod, mutum ya wayi gari an ƙwace masa Facebook ko tashar YouTube da ya sha wuya a kanta. Kuma na kyauta masu kyau sun yi yawa yanzu, Vital da Surge XT wajen sint mai ƙirƙirar sautin kiɗa, TDR Nova wajen gyaran murya, Valhalla Supermassive wajen amo. Duk laftof ɗin da ka saya ka goge ta ka sa Windows sabo da hannunka.

Kan fitar da waƙa kuma babu ruwan kowa da laftof ɗin da ka yi aiki da ita. WAV mai 44.1kHz 16-bit yana cin kusan 10MB a minti ɗaya, MP3 mai 128kbps kusan 1MB, mai 320 kusan 2.4MB. Ka riƙe WAV ɗin a matsayin asali, shi zaka ba injiniya ko ka ɗora a dandali, MP3 na rabawa ne. In zaka tura wa mai miksin murya ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, kar ka kunna a sifika ka naɗa da saƙon murya. Audiomack kai da kanka zaka ɗora kyauta kuma matasanmu suna can sosai, Boomplay tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel shi ya sa take hannun kowa, Spotify ta shigo Gana a Fabrairun 2021 amma ita da Apple Music sai ta hannun masu rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore, su kuma da katin Visa ko Mastercard ake biyansu. Ka kuma sani tun 2024 Spotify bata biyan waƙar da bata kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, toh kar ka ci bashi ka sayi Mac kana lissafin kuɗin sauraro ne zai biya.

Ga matsayata. In wannan ce laftof ɗinka ta farko kuma kuɗin da ke hannunka su ne duka, sayi T480 mai i5 jen na 8 da sikirin 1080, ka kai ta 16GB da SSD 512GB, ragowar ka sayi sawunkad da maik da hedifon mai rufe kunne irin Audio-Technica M20x ko M40x, da wata ma'ajiyar hard disk ta waje da zaka riƙa kwafe ayyukanka duk sati. Wannan haɗin zai fitar da waƙa mai tsabta fiye da M1 tsirara da iyafis ɗin waya. In kuma kana da kayan sauti tuntuni, aiki yana shigo maka, kana yawo da laftof zuwa wurin biki ko sitidiyon wasu, ko unguwarku wuta bata zama, toh M1 ta cancanci kuɗinta, kuma in ka ci karo da mai 16GB da 512GB ka daure ka ƙara ka ɗauke ta. Mai haɗa kiɗa da editin bidiyo shi ma M1 ɗin ce tasa, T480 zata wahalar da shi a 4K.

Ranar sayen, ko Tip Toe Lane a Circle ne ko PZ a Adum ko wani ka gani a intanet, ka je da wanda ya sani kuma a shago zaku haɗu ba a bakin titi ba, kar ka tura kuɗi ta MoMo kafin ka riƙe ta a hannu. In T480 ce buɗe cmd ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga abin da ya rage a batiran, ka tafi da CrystalDiskInfo da LatencyMon a filas, na farko ya nuna maka lafiyar SSD na biyu ya nuna ko sauti zai riƙa tsinkewa, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. In M1 ce ka duba About This Mac ka ga an rubuta Apple M1, ka duba zagayen cajin batir, Apple 1,000 suka ƙiyasta masa don haka mai 200 ko 300 da sauransa, sannan ka sa mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka ku jona intanet ku yi saitin daga farko har ka shiga da naka asusun. In ya ce ba lokaci ko ba netwok ka bar masa kayansa ka shiga shago na gaba. In komai ya yi daidai ya rubuta maka rasit da siriyal lamba da kwanakin waranti a jiki kafin ka biya.